Yadda Ake Gyara Jadawali, Lissafi Ko Tambarin Da Ya Ƙi Buɗuwa A Cikin Takardar Word

Ina da ɗan shagon buga takardu a gefen Gumel: kwamfuta uku, firinta biyu, da sola a kan rufin kwano saboda ranar da babu wuta. A cikin matsalolin da ake kawo mini akwai wadda ta fi ci mini rai, domin ƙarama ce amma tana jawo wa mutane babbar asara. Mutum zai zo da takardar Word, a tsakiyarta akwai jadawali ko lissafi ko tambarin makaranta, ya danna sau biyu don ya gyara, sai kwamfuta ta watso masa dogon Turanci ta ƙi. Wani lokaci ma abin ba ya fitowa, sai dai farin akwati a wurinsa.

Kwanakin baya wani ɗalibi ya shigo bayan La'asar. Malaminsa ya ce ya sauya alƙaluma uku a jadawalin babi na huɗu na kundinsa kafin wayewar gari. "Malam, don Allah ka duba mini," ya ce, "an ce wai sai an yi wa kwamfutar fomatin." Fomatin kuwa goge komai ne a sake ɗora Windows. Kwamfutar ta yayansa ce, aro ya yi, cike take da hotunan iyali da takardun aiki. Babu abin da ya sami Windows ɗinta. Wanda ya ɗora Office ne ya ɗora Word kaɗai, ya bar Excel.

Dashe da jone

Wannan fasaha ta Microsoft ce, sunanta OLE, kuma tun 1990 take. Hanya biyu ake saka abin wata manhaja cikin takardar Word. Ta farko ita nake kira dashe: kamar yadda ake ciro dashen albasa a kai shi wani fage ya tafi da saiwarsa, haka ake ɗauke fayil ɗin Excel gaba ɗayansa a binne shi cikin takardar. Ta biyu ita ce jone: takardar ba ta ɗauki fayil ɗin ba, adireshin inda yake kawai ta riƙe.

Ko dashe ne ko jone, abin da idonka ke gani a shafi hoto ne kawai. Word ba ta iya gyara shi da kanta ba. Idan ka danna sau biyu, sai ta aika a kira manhajar da ta haifi abin, wadda zan riƙa kira uwarsa. In uwar ba ta cikin kwamfutar, ko tana nan amma Windows ta manta ƙofarta, ko tana cikin wani aiki, nan ne za ka ga saƙon ƙi. Saboda haka duk aikinmu neman amsar tambaya biyu ne: wace ce uwar wannan abu, kuma me ya hana ta amsa kira?

Mataki na 1: Yi kwafi, sannan ka cire takunkumi

Kada ka yi aiki a kan filash. Kwafi fayil ɗin zuwa kwamfutarka, ka sake yin kwafi na biyu ka ajiye gefe, kada ka taɓa shi. Wasu matakan da ke gaba ba a komawa baya idan an yi su.

Idan takardar ta WhatsApp ko imel ta zo, Word kan buɗe ta a kulle, da wani zare mai ruwan ɗorawa a sama. In ka yarda da wanda ya aiko, danna Enable Editing. In bai isa ba, rufe takardar, ka danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ka shiga Properties, a can ƙasa ka sa alama a Unblock, ka danna OK. Takardar da ba ka san daga inda ta fito ba kuwa, bar ta a kulle, musamman in akwai wani ɗan gunki a ciki da aka rubuta wai ka danna don ka ga sakamako ko rasit. Masu damfara suna bin wannan hanya sosai.

Mataki na 2: Tabbatar ba gani ne kawai ya samu matsala ba

Abubuwa uku ne ke sa mutum ya zaci jadawalinsa ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

In siririn yanki kawai kake gani, kamar an yanke abin da almakashi an bar gindinsa, tazarar layi ce. Masu buga kundi kan zaɓi takarda gaba ɗaya su sa mata tazara ta Exactly, sai duk abin da ya fi layi tsawo ya gutsure. Danna abin sau ɗaya, ka shiga Paragraph, ka mayar da Line spacing zuwa Single. Wannan ita ce ta fi yawa a shagona, kuma ba ta cin minti ɗaya.

In farin akwati kake gani mai layi a gefe, shiga File, Options, Advanced, ka gangara inda aka rubuta Show picture placeholders ka cire alamar. In kuma rubutu kake gani maimakon jadawalin, wanda ya fara da EMBED ko LINK, danna Alt da F9 tare, zai koma yadda yake.

Mataki na 3: Gano uwar abin

Wannan Alt da F9 ɗin shi ne babban makaminka. Danna su da gangan, a wasu kwamfutocin hannu sai ka haɗa da Fn. Abin zai juya ya zama ɗan rubutu, kuma rubutun ne ke faɗa maka sunan uwarsa. In ya ƙi juyawa, yawo yake a saman rubutu: danna shi da dama, ka shiga Wrap Text ka zaɓi In Line with Text, ka sake gwadawa.

Kalmar farko tana gaya maka iri: EMBED dashe ne, LINK jone ne. Abin da ya biyo baya shi ne sunan uwa. Excel.Sheet.12 na nufin Excel na 2007 zuwa yau, Excel.Sheet.8 kuwa tsohon tsari ne na 97 zuwa 2003. Equation.3 tsohuwar manhajar rubuta lissafi ce ta Office, Equation.DSMT4 kuma MathType ce, wata manhajar rubuta lissafi da ake ɗorawa daban. Duk abin da ya fara da AcroExch takardar PDF ce da aka dasa ta hanyar Adobe. CorelDraw.Graphic da lamba a ƙarshe zane ne na Corel, kuma lambar tana nuna zamaninsa: 13 shi ne X3, 17 shi ne X7. Package kuwa ƙunshi ne kawai, kowane irin fayil na iya zama a ciki. Rubuta sunan a takarda, ka sake danna Alt da F9 komai ya koma daidai.

Yanzu tsaya ka tambayi mai takardar: gyara yake so ya yi a cikin abin, ko bugawa kawai? Mutane da yawa ba sa yin wannan tambaya, su ɓata awa biyu a banza. In bugawa ce kuma abin yana fitowa daidai a shafi, ba ka bukatar uwarsa ko kaɗan, buga abinka. In kana so ka raba shi da uwar har abada don kada ya sake damun kowa, danna shi sau ɗaya, ka danna Ctrl da Shift da F9, zai zama hoto zalla. Amma daga nan ba ya sake gyaruwa, shi ya sa na ce ka ajiye kwafi.

Mataki na 4: In uwar Excel ce

Fara da abu mafi sauƙi: akwai Excel a kwamfutar? Buɗe ta kai tsaye ka gani. In babu, ko a ɗora ta, ko ka kai takardar wata kwamfuta mai ita, ko ka tsallaka zuwa mataki na 8. Matsalar ɗalibin nan ke nan. A kwamfutar shago muka sauya alƙaluman, ya tafi kafin Magariba.

In akwai ta amma ta ƙi amsawa, wataƙila tana cikin wani aiki. Excel ba ta amsa kiran Word muddin akwai ɗakin jadawali da aka fara rubutu a ciki ba a danna Enter ba, ko akwai wata 'yar taga a buɗe tana jiran amsa, irin ta neman lasisi ko ta ajiye fayil. Rufe su. Wani lokaci kuma ka rufe Excel amma ta maƙale a ɓoye, musamman bayan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Danna Ctrl da Shift da Esc, ka nemi Excel a jerin, ka danna End task, ka rufe Word ka sake buɗewa.

Sai maganar WPS, wata manhajar rubutu mai kama da Office. Yawancin mutanenmu da ita suke rubutu a waya, sai su ɗora ta a kwamfuta ma, kusa da Office. Biyun suna takara a kan wa zai riƙa buɗe fayilolin Word da Excel, kuma wadda aka ɗora daga baya takan karɓe ragamar. Mafi muni shi ne a cire ɗaya daga baya, ta bar Windows tana nuna ƙofar da babu kowa a bayanta. Shawarata, zaɓi ɗaya ka zauna da ita. In Office ka zaɓa, cire WPS, sannan ka yi wa Office gyara: Control Panel, Programs and Features, zaɓi Microsoft Office, danna Change. A sababbin Office za ka ga Quick Repair da Online Repair. Fara da na farkon, ba ya bukatar intanet. Na biyun sake sauke Office yake yi, zai cinye maka data mai yawa, kuma in sabis ya yanke a tsakiya ka shiga wata wahalar. A Office 2007 da 2010 Repair kawai za ka gani. Bayan gyaran ka kashe kwamfutar ka kunna.

Akwai kuma ɗan gajeren umarni da ke sa Word ta sake rubuta sunanta a rajistar Windows: danna maɓallin Windows da R, ka rubuta winword /r, ka danna Enter. In kana zargin wani ƙarin da aka liƙa wa Word ne ke kawo cikas, riƙe Ctrl yayin da kake buɗe ta, za ta tashi ba tare da ƙare-ƙaren ba. In abin ya buɗu a haka, ka gano mai laifi.

Mataki na 5: In jone ne

Dubi rubutun LINK ɗin da kyau, za ka ga adireshin fayil a ciki. Sau da yawa yana farawa da harafin E ko F, wato filash. A kwamfutar mai takardar filash ɗinsa E ne, a taka kuma Windows ta ba shi F ko G, sai jonen ya tsinke. Ko kuma adireshin yana nuna wata folda a kwamfutar da ke can Dutse ko Kano, wadda ba za ka taɓa gani ba.

In fayil ɗin Excel ɗin yana hannu, sa shi folda ɗaya da takardar. Shiga File, Info, a ƙasa ta hannun dama ka danna Edit Links to Files; a Word 2007 yana ƙarƙashin Prepare. Zaɓi jonen, ka danna Change Source ka nuna masa sabon wurin, sannan Update Now. In fayil ɗin ya ɓata, danna Break Link, abin da ke shafi zai tsaya yadda yake. Kuma idan Word ta tambaye ka lokacin buɗewa ko ta sabunta jone, alhali ba ka da asalin fayil ɗin, ka ce a'a.

Zane-zanen alƙaluma, irin masu sanduna da masu da'ira da ɗalibai ke cika babi na huɗu da su, suna da tasu ɗabi'ar. Alt da F9 ba ya juya su. Amma in an kwafo su daga Excel an manna kai tsaye, jone Word ke yi ba dashe ba. Shi ya sa za ka danna Edit Data ta ce ba ta ga fayil ba. Maganin ɗaya ne, ta Edit Links to Files. In asalin ya ɓace, sai dai a karanta alƙaluman daga jadawalin da ke kundin a sake zanawa.

Mataki na 6: In lissafi ne

Malaman lissafi da na kimiyya ne wannan ya fi shafa, masu tsofaffin tambayoyin jarrabawa da suka tara shekara da shekaru. Manhajar da ta haifi Equation.3 Microsoft ta cire ta daga Office a Janairun 2018, bayan an gano wata kafa a jikinta da ɓarayin intanet ke bi su shiga kwamfuta ta hanyar takardar Word. Saboda haka lissafin zai fito a shafi, amma ba zai gyaru ba. In alamominsa sun rikiɗe sun zama wasu haruffa, salon harafin MT Extra ne babu a kwamfutar, kuma Microsoft na bayar da shi kyauta.

Za a ba ka shawarar ka sauko da tsohuwar manhajar daga intanet ka cusa. Kada ka yi, ballantana a kwamfutar shago da filash ɗin kowa ke shiga. Word na Microsoft 365 tana iya juya irin wannan lissafi zuwa sabon tsari, MathType ma tana buɗe shi. In ba ka da ko ɗaya, danna Alt da alamar daidai, wato =, ka sake rubuta lissafin da sabon tsarin da ke cikin Word tun 2007. In maɓallin ya ƙi aiki, takardar tsohon tsari ce mai .doc a ƙarshe: shiga File, Info, ka danna Convert. Ka kiyaye kishiyar haka: in ka ajiye sabuwar takarda a tsohon tsarin .doc, sababbin lissafan za su zama hotuna a tsohuwar Word.

Mataki na 7: PDF da Corel

PDF da aka dasa ta Adobe yana neman Adobe Reader, ko da Edge ko Chrome na buɗe maka sauran PDF lafiya. Ɗora ta, ko ka ciro fayil ɗin ta mataki na gaba. Tambarin Corel kuwa, tsohon Corel ba ya buɗe aikin sabo. In gyara ake so, a koma wurin wanda ya zana, a roƙe shi ya fitar da tambarin a matsayin hoton PNG mai kyau, a saka shi ta Insert, Pictures. Tambarin makaranta ko na ƙungiya ba shi da dalilin zama dasasshe.

Mataki na 8: Fasa takardar ka ciro abin da ke ciki

Wannan ita ce dabarar da ta fi cetona, kuma kaɗan ne suka san ta. Takardar da ta ƙare da .docx a gaskiya jaka ce ta ZIP mai ɗauke da ƙananan fayiloli. Haka .xlsx da .pptx.

Fara da sa Windows ta nuna ƙarshen sunayen fayil. A Windows 10, buɗe kowace folda, ka shiga View, ka sa alama a File name extensions. A Windows 11 yana cikin View, Show. A Windows 7 sai ka bi Organize, Folder and search options, View, ka cire alamar Hide extensions for known file types. Yi sabon kwafi na takardar, ka sauya ƙarshen sunansa daga .docx zuwa .zip. Windows za ta yi gargaɗi, ka ce e. Buɗe shi, ka shiga foldar word, sannan embeddings. Duk abin da aka dasa yana nan kwance. Foldar media da ke kusa kuma hotunan da ake gani a shafi ne.

In ka ga fayil mai .xlsx ko .xls, jawo shi waje. Cikakken fayil ne na Excel, WPS ko LibreOffice, wata manhajar kyauta mai kama da Office, ma za su buɗe shi, har a waya. Gyara alƙalumanka, ka kwafo jadawalin ka manna a takardar a matsayin jadawalin Word na yau da kullum, ka goge tsohon.

In kuma oleObject1.bin ka gani, akwai sauran ɓawo ɗaya. Jawo shi waje, ka buɗe shi da 7-Zip, manhaja ce ta kyauta kuma ƙarama. In PDF ne na Adobe, za ka ga wani abu mai suna CONTENTS a ciki: fitar da shi, ka ƙara masa .pdf a ƙarshe, zai buɗu. In takardar tsohuwa ce mai .doc, fara ajiye kwafinta a matsayin .docx, sannan ka bi wannan hanya. In ka shiga babu foldar embeddings gaba ɗaya, to babu abin da aka dasa: ko jone ne, ko hoto ne tun asali, kuma babu gyaran da zai sa hoto ya koma jadawali. Sai a sake bugawa da hannu.

Ga masu Linux, Mac da waya

Mai amfani da LibreOffice ya shiga Tools, Options, Load/Save, Microsoft Office. Akwai jerin da ke ba ka damar juya abin Excel zuwa Calc, da lissafin MathType zuwa Math, wato takwarorinsu na LibreOffice, lokacin buɗewa da lokacin ajiyewa. Sa alama a layin da kake bukata, ka sake buɗe takardar. A Mac, dashen Excel cikin Word yakan yi aiki in akwai Office, amma abin da uwarsa ta Windows ce kaɗai hoto zai tsaya. A waya kuwa kada ka sa ran gyara dasasshen abu ko kaɗan, kuma ina ba da shawarar kada a ajiye irin wannan takarda daga waya a dawo da ita, don na sha ganin ta dawo a hargitse.

Kafin ka aika wa wani

In takardar bugawa kawai za a yi da ita, ajiye ta PDF a kwamfutar da aka rubuta ta, inda komai ke fitowa daidai, ka tafi da su biyun. In jadawali ne ƙarami, manna shi kai tsaye ya zama na Word. In kana son kamanninsa na Excel ba tare da uwa ba, shiga Home, Paste, Paste Special ka zaɓi Picture. In zane ne da za a gyara nan gaba, bayan ka manna ka danna ɗan akwatin da ke fitowa a gefensa ka zaɓi wanda ke ɗauke da Embed Workbook.

Amma ka san abin da kake dasawa. Sakataren wata ƙungiyar manoma ya taɓa kawo mini rahoton da zai kai wa masu ba su tallafin taki. Jadawali ɗaya ne a shafi, layi shida na jimillar buhuna. Da na danna shi sau biyu, sai ga shafuka huɗu a ƙasa: sunayen 'yan ƙungiya, lambobin wayarsu, da bashin da ake bin kowa. "Alhaji, ka san duk wannan yana ciki?" na tambaye shi. Ya dafe kai, ya ce wallahi layi shidan nan kawai ya zaɓa ya kwafa. Gaskiya ya faɗa, amma dashe littafin gaba ɗaya yake ɗaukowa, ba yankin da ka zaɓa ba. Muka danna Ctrl da Shift da F9, muka ajiye, na mayar da kwafin .zip muka leƙa tare, muka tabbatar babu sauran fayil ɗin Excel a ciki, sannan ya aika.